Makiyayi Ba Ya Kiwo Daga Cikin Garke: Martani

A kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala yana shawartar fastoci da sauran shugabannin Kirista na Arewacin Najeriya da su ja jiki su koma cikin harabar majami'unsu. A ganinsa, abin da aka sha tun daga rikicin Kafanchan na 1987 zuwa yau ya isa ya koya wa mai hankali darasi. Aikin makiyayi a wurinsa wa'azi ne da addu'a da lura da tumakin da aka danƙa masa, amma zama da limamai, da taka ƙafa zuwa unguwar da ba ta masu bi ba, da tsoma baki a rigimar gari, duk wuce gona da iri ne. Ya jera dalilai huɗu: fitar tana da hatsari, tana raunana bangaskiya, tana sa a yi sakaci da ikilisiya, kuma galibin masu yin ta suna da kuɗin ƙungiyoyin waje suke nema. Rubutu ne na mutumin da abin ya dame shi, don haka ya cancanci amsa ta tsanaki. Amsata ita ce, shawarar tasa, duk da kyakkyawar niyyarta, za ta jefa garken cikin ainihin abin da yake guje masa, domin zaman lafiyar ikilisiya a wajen katangarta ake ƙulla shi, a can kuma yake warwarewa.

Kafin komai, a ba shi gaskiyarsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma babu mai adalcin da zai ce tsoron Kiristan Arewa na banza ne. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, ta rasa dubban mambobi a hannun Boko Haram. Akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun mayaƙan a Oktoban wannan shekarar. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika, an sace shi aka kashe shi a Janairun 2020. Faston da ya binne mambobinsa da hannunsa, in ya ce ba ya son ganin kowa sai nasa, ba a yi masa wa'azin jarumtaka daga nesa. Gaskiya ne kuma an yi tarukan sulhu da yawa da ba su wuce ɗakin otal da shan shayi da ɗaukar hoto ba. Duk wannan na yarda da shi. Inda muka rabu shi ne maganin da ya rubuta wa ciwon, domin tsananin ciwo ba ya sa kowane magani ya zama daidai.

Mu fara da misalin da ya jingina da shi, na makiyayi, tunda a ƙasar nan kiwo ba baƙon abu ba ne. Wa ya taɓa ganin makiyayin da ke kiwo daga cikin garke? Garke wurin kwana ne. Da gari ya waye, ciyawa tana daji, ruwa yana mashaya, kuma tsakanin garke da mashaya akwai gonakin mutane. Makiyayin kirki ya san inda burtali ya bi, ya san mai unguwar ƙauyen da zai ratsa, ya saba gaisawa da mai gonar bakin hanya tun kafin wata saniya ta yi masa ɓarna. Haka ikilisiya take. Awa biyu ko uku take yi a majami'a ranar Lahadi, sauran kwanakin mako tana kasuwa, tana tashar mota, tana asibiti, tana makaranta, a cakuɗe da Musulmi. Matar zumunta da ke auno hatsi a rumfar Alhaji, da saurayin ƙungiyar mawaƙa da ke koyon kanikanci a garejin Malam, ba su da zaɓin zama a harabar coci. Idan fasto ya zauna a ciki, shi kaɗai ya zauna. Tumakin suna waje, kuma shi ne zai zama mutum ɗaya tilo a ikilisiyar da bai san maƙwabtan da jama'arsa ke kwana suna tashi da su ba.

Sannan shawarar ɗan'uwan ba sabuwa ba ce. An riga an gwada ta, kuma a kan gari sukutum aka gwada. Bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000, mutanen Kaduna suka rabu gida biyu, kogi ya zama iyaka. Kiristoci suka tattara suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi, Musulmi suka cika Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Jos ma ta bi sahu bayan Satumban 2001. Kowa ya koma cikin nasa, daidai yadda ake ba mu shawara yanzu. Abin da ya biyo baya shi ne an haifi yara, sun girma har sun isa aure, da yawansu ba su taɓa cin tuwon salla ko shinkafar Kirsimeti a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Yaron da bai san ko mutum ɗaya a ƙetaren gada ba, duk abin da aka turo masa a waya game da mutanen can zai gaskata, kuma a ranar tashin hankali jita-jita ce ke riga adda fita. Rabuwar ta rage wa mutane fargabar dare, wannan ba a musu, amma ta tsinke igiyoyin da ake ja a kwantar da ƙura idan ta tashi.

A cikin wannan garin ne kuma aka ga abin da fita take haifarwa. Fasto James Movel Wuye ya taso cikin matasan Kirista masu ɗaukar makami don kare majami'u, kuma a rikicin da ya taso daga Zangon Kataf a 1992 ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Nurayn Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Da Wuye ya bi irin shawarar da ake ba mu, da babu mai ganin laifinsa, domin yana da tabon da zai nuna, yana da jama'ar da za ta jinjina masa. A 1995 mutanen biyu suka haɗu, kuma daga wannan haɗuwar, wadda ta ɗauki shekaru kafin zargi ya bar zukatansu, aka sami cibiyar sasanci tsakanin addinai da ke Kaduna. Su ne suka yi ɗawainiyar yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna wadda shugabannin addini 22, rabi Kirista rabi Musulmi, suka sa wa hannu a Agustan 2002. Su ne kuma suka shiga Yelwan Shendam a jihar Filato bayan kashe-kashen 2004, inda aka kashe Kiristoci a cikin majami'a a Fabrairu, aka kashe ɗaruruwan Musulmi a Mayu, har gwamnatin Obasanjo ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. A Fabrairun 2005 al'ummomin Yelwa suka ƙulla sulhu. Soja yana iya tsayar da harbi, amma matar da aka kashe wa miji ta koma cin kasuwa ɗaya da dangin waɗanda take zargi, wannan aikin wanda ya zauna da ɓangarorin biyu a kan tabarma ne.

Na san abin da za a ce. Wata uku kacal bayan yarjejeniyar Agusta, Kaduna ta sake kamawa da wuta a Nuwamban 2002 kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka kashe sama da mutum 200. To ina amfanin sa hannun? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya ce sulhu maganin ƙarfe ne ya yaudari jama'a. Amma a auna shawarwarin biyu da mudu ɗaya. Idan rikici ɗaya bayan yarjejeniya ya isa ya soke fita, to rikice-rikicen da aka yi ta yi alhali kowa yana zaune cikin nasa sun isa su soke zama sau goma. Abin da sanayya ke yi shi ne rage wa wuta tsawo da faɗi. Ita ce ke sa a sami lambar da za a kira da tsakar dare, a sami dattijon da zai fito ya ce wa matasansa labarin da suka ji ƙarya ne, domin yanzun nan ya yi magana da na can ɓangaren. Ba a fafe gora ranar tafiya. Faston da bai taɓa zuwa ta'aziyya gidan limamin unguwa ba, da wane baki zai kira shi ranar da hayaƙi ya turnuƙe?

Batun hatsari kuwa, da zaman cikin gida kariya ne da sai mu yi shiru. Waɗanda bam ya hallaka a majami'ar St. Theresa ta Madalla ranar Kirsimetin 2011 a bakin cocinsu ya same su. Waɗanda aka harbe a majami'ar St. Francis ta Owo a Yunin 2022 suna tsakiyar sujada ne. Katanga ba ta hana komai ba. A Yunin 2018 kuwa, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, abin da ya ceci Kiristoci 262 a Nghar shi ne ƙofar masallaci da ta gidan Imam Abubakar Abdullahi, dattijon da ya ɓoye su sannan ya fito ya tsaya gaban masu bindiga yana roƙonsu. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa sama da shekara arba'in da suka wuce, Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Waɗanda suka ba da filin nan ba su san za a yi ranar da 'ya'yansu da jikokinsu za su kwanta a cikinsa suna ɓuya ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da dattawan wancan lokaci sun ce kowa ya tsaya a nasa, da babu ƙofar da za a buɗe a 2018.

Hujjar da ta fi ba da mamaki ita ce wai cuɗanya tana raunana bangaskiya, domin Littafi Mai Tsarki da ɗan'uwan yake kafa hujja da shi cike yake da akasin haka. Yunusa ya shiga jirgi ya nufi Tarshish don kada ya je Nineba, birnin maƙiyan al'ummarsa, kuma littafin bai yaba masa ba. Yesu ya ratsa Samariya, ƙasar da Yahudawa ba sa shiri da mutanenta, ya zauna bakin rijiya ya roƙi ruwa a hannun macen da almajiransa suka yi mamakin ganinsa yana magana da ita. A sura ta 10 ta Ayyukan Manzanni, sai da aka maimaita wa Bitrus wahayi sau uku kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyus, hafsa a rundunar Roma da ta mamaye ƙasarsa. Bitrus bai fito daga gidan nan da raunin bangaskiya ba, ikilisiya ce ta fito da ƙarin faɗi. A zamaninmu ma, Josiah Idowu-Fearon ya yi karatu mai zurfi kan addinin Musulunci a Birmingham ta Ingila, ya riƙe kujerar bishof na Anglika a Kaduna daga 1998, sannan a 2015 aka naɗa shi babban sakataren tarayyar Anglika ta duniya. Sanin addinin maƙwabcinsa bai fitar da shi daga nasa ba. Wuye da Ashafa kuma shekara da shekaru suna tafiya tare, fasto yana nan fasto, liman yana nan liman. Bangaskiyar da gaisawa da maƙwabci za ta rushe, tun asali akwai abin da ke cin ta, kuma kulle ta a ɗaki ba zai warkar da ita ba.

Labarin Bitrus bai ƙare a gidan Karniliyus ba, kuma ragowarsa ce ta tona ainihin inuwar da shugaba ke jin daɗin zama a ƙarƙashinta. A Antakiya, kamar yadda Bulus ya ba da labari a wasiƙarsa ga Galatiyawa, Bitrus yana cin abinci tare da masu bin da ba Yahudawa ba, har wasu baƙi suka iso daga Urushalima, sai ya janye jikinsa. Mutanensa ya ji wa tsoro, kuma Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Nan gizo ke saƙar. Da yawa daga fastocin da ba sa ƙetare titi, kallon dattawan ikilisiya da gunagunin matasa da gorin cewa an saye su ya fi adda firgita su. Wa'azin da ke lissafa laifin waɗancan yana samun amin mai ƙarfi, baiko ma yakan yi kauri. Wa'azin da ke cewa tare hanya a huce a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba kisan kai ne, ko da wanda aka tare ba mai bi ba ne, shi ne ke sa majami'a ta yi tsit. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma babu turken da ya kai sabo da yabon jama'a ɗaure mai wa'azi. Ɗan'uwana ya kira zaman ciki da sunan aminci ga garke. Sau da yawa, in aka tona, aminci ne ga kujera.

Sai zargin sakaci da ikilisiya, wanda Yola ta isa ta amsa shi. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, dubban mutane suka kwararo garin, Bishof Stephen Dami Mamza na cocin Katolika ya buɗe harabar babbar majami'ar St. Theresa ga 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addinin kowa ba. Shi kansa ɗan Bazza ne a ƙaramar hukumar Michika, yankin da mayaƙan suka mamaye, don haka babu mai cewa bai san zafin abin ba. Da shekaru suka ja, aka rage da waɗanda ba su da inda za su koma, sai cocin ya gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, da makaranta da majami'a, da kuma masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu, aka buɗe a Afrilun 2021. Masallacin ya jawo masa suka daga wasu Kiristoci, kuma ana iya fahimtar zuciyar mutumin da aka ƙona wa coci ya ji coci ya gina masallaci. Amma a ƙirga. Mafi yawan waɗanda suka sami gidajen Kiristoci ne. Sun sami rufi a kansu, sun kuma sami maƙwabtan da suka ga hannun coci da idonsu, waɗanda zai yi wuya wani mai tunzura jama'a ya zo gobe ya shawo kansu. Ina sakacin yake a nan?

Ya rage batun neman suna da kuɗi. Akwai masu yi, kamar yadda akwai masu wa'azi don kuɗi, amma babu wanda ya taɓa cewa a rufe bagade saboda su. Gane na gaskiya ba shi da wuya: a tambayi abin da fitar ta ci wa mai yin ta. Wanda ya dawo da alawus da hoto, yawon shan iska ya je. Wanda ya dawo ya tarar wasu dattawansa sun daina amsa gaisuwarsa da fara'a, ya kuma sake komawa washegari, shi ne ya fita. Lokacin da Ignatius Kaigama yake babban bishof na Katolika a Jos, ya ƙulla abota da marigayi Sarkin Wase Haruna Abdullahi a shekarun da jihar Filato ke ci da wuta, suna fitowa tare suna kiran jama'arsu ga haƙuri. A garin da kowane ɓangare ke ƙirga gawarwakinsa, irin wannan abota ba ta ƙara wa kowannensu farin jini a gida. Wanda ke neman yabo mai arha a Jos ta wancan lokaci ya san hanyar da ta fi sauƙi.

Kada kuma a ɗauka ana nufin kowane fasto ya zama Wuye, ko ya kutsa daji neman 'yan bindiga. Ganganci daban, bangaskiya daban, kuma Bulus da kansa an zura shi cikin kwando ta katangar Dimashƙu don ya tsira. Akwai ranar ɓuya. Abin da ake nema ƙarami ne, sai dai na yau da gobe ne. Fasto ya san sunan limamin unguwarsa, ya san ƙofar gidansa, ya je barka ya je ta'aziyya. In ikilisiya ta haƙa rijiyar burtsatse, a fitar da famfo ɗaya wajen katanga. In aka yi masa canjin aiki zuwa ƙauye, kada ya fara zaryar ofishin manya yana neman a bar shi a birni. In ɗan siyasar da ke zaune a kujerar gaba ya ci amanar jama'a, kada gudummawar ginin coci ta ɗaure masa harshe. In matasansa suka fara maganar ramuwa, ya zama shi ne na farkon tsayawa a ƙofa. Duk waɗannan fita ce, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar kuɗin wata ƙungiya.

Ɗan'uwa marubuci, ikilisiyar da kake son a tsare ba daga sama ta faɗo ba. Cikin masu bisharar da suka zo daga ƙetare, Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida, duk a 1894, ba su ga ko mai bi ɗaya ba. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932 saboda wasu sun zauna shekara da shekaru cikin mutanen da ba nasu ba suna koyon harshensu. Bayansu kuma 'yan ƙasa masu bishara suka ɗauki fartanya da iyali suka tare a ƙauyukan da ba su da dangi ko ɗaya, suna noma da rana suna koyar da karatu da dare. Da waɗannan sun bi shawararka, da yau babu garken da za ka ce a zauna a ciki. Ranar Lahadi mai zuwa, bayan addu'ar sallama, jama'a za su fita ta ƙofar da suka shigo, su hau acaɓa da Keke Napep su bazu cikin gari, domin a can abincinsu yake. Ko makiyayi ya so ko bai so ba, garken zai fita. Abin da ya rage masa ya zaɓa shi ne ko ya wuce gaba da sandarsa, ko ya tsaya yana leƙensu ta taga.